Yadda Ake Ɗinka Bargon Yafawa na Guntayen Atamfa Domin Sanyin Jos

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos tsakanin Disamba da Janairu ya san sanyinmu ba irin na sauran garuruwan Arewa ba ne. Garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, saboda haka idan hunturu ya kankama, ruwan alwalar asuba ma sai mutum ya yi shahada kafin ya tsoma hannu. Bargon da zan bayyana ba na shimfiɗa gado ba ne. Ƙarami ne, wanda ake yafawa a falo ana hira, ko a rufe ƙafa da shi a kan kujera, ko tsohuwa ta lulluɓa tana lazimi kafin hantsi. Faɗinsa kimanin inci 50, tsawonsa kimanin inci 60, kuma hawa uku gare shi: fuska, ciki da shafi. Na ɗinka irinsa sau da yawa, kuma abin da na lura shi ne bargo ba a kan keken ɗinki yake lalacewa ba, a ƙasa yake lalacewa, lokacin da ake jera hawan nan uku.

Abu ɗaya kawai mai koyo yake bukatar sani kafin ya shiga kasuwa. Ɗumi ba daga nauyi yake zuwa ba, daga iskar da ta maƙale a hawan tsakiya yake zuwa, domin ita ce take riƙe zafin jiki. Duk abin da zai danne cikin bargo ya mayar da shi kamar tabarma, ko yawan ɗinki ne ko guga mai zafi, rage masa ɗumi yake yi.

Kayan da za a tanada

Domin fuska, ana bukatar guntayen atamfa ko wani yadin auduga da za su fitar da ƙyalle 120, kowanne inci 6 a faɗi, inci 6 a tsawo. Wadda take ɗinki a gida za ta iya samun rabin wannan a buhun guntayenta, wanda kuma ba shi da su ya roƙi telan unguwa ya riƙa tara masa tun watan Oktoba. In saye za a yi, faɗin atamfa wajen inci 45 ne, yadi ɗaya yana ba da ƙyalle 42, ke nan yadi 3, rabin turmi, ya isa har da ɗan saura. A zaɓi yaduka masu kauri ɗaya. Leshi da yadi mai santsi da mai miƙewa ba sa zama lafiya kusa da atamfa, shadda kuma ta cika tauri da sanyin taɓi.

Domin ciki, abin da ya fi shi ne faiba mai shimfiɗe, irin wadda masu haɗa kujerun kushin suke sayowa a naɗe, ba wargajajjiyar da ake cusa wa matashin kai ba. A nemi mai matsakaicin kauri, wadda in an matse ta da yatsa biyu za ta lotse, in an saki ta dawo. Idan ba a samu ba, tsohon bargo marar kauri daga 'yan gwanjon kasuwar Katako ya wadatar, haka ma tsohon gwado ko luru na saƙar hannu da ya koɗe a ɗakin kaka. Waɗannan sun fi faiba nauyi, amma ba sa dunƙulewa ko da an wanke su sau nawa. Soso kuwa ban yarda da shi ba ko kaɗan, domin yana shan ruwa ya ƙi bushewa, ba ya kwanciya a jiki, kuma bayan shekara ɗaya ko biyu sai ya fara marmashewa a ciki.

Domin shafi, wato hawan da zai taɓa jiki, a nemi yadi mai laushi, ko irin na zanen jarirai ko mai gashi-gashin nan da ake yi wa yara rigar sanyi da shi. Mai gashi-gashin yakan zo da faɗin kusan inci 60, yadi 2 sun isa ba tare da haɗi ba. Ana samun waɗannan wajen masu yadi na Terminus, a kewayen babbar kasuwar da ta ƙone a 2002. Sai kuma yadi ɗaya ba kwata na launi guda domin kama baki.

Sauran kayan aiki su ne keken ɗinki, ko Butterfly ko Singer na ƙafa duk sun isa, da allura mai lamba 14 da mai lamba 16, da zare mai ƙarfi, almakashi mai kaifi, tef na awo, doguwar rula, allin tela, kwali mai tauri, dutsen guga, da fil mai rufewa irin wanda ake kama hijabi da shi, manya-manya, aƙalla guda 100. Mutane sukan yi mamakin wannan adadi, amma za a ga amfaninsa a mataki na biyar.

1. Wanki da guga

A wanke dukkan yadukan auduga kafin almakashi ya taɓa su, kowane launi daban, domin sabuwar atamfa tana tsukewa a wankin farko, wata kuma tana zuba. Bargona na farko ban yi haka ba. Na haɗa jar atamfa da farin yadi, ya fito gwanin sha'awa, na kai wa surukata. Bayan wanki ɗaya farin ya koma ruwan hoda, ƙyallayen da suka tsuke suka jawo maƙwabtansu. Da na je gaishe ta, ta ɗago shi ta ce, "'Yata, bargon naki dai ya sauya kama, amma Allah ya yi albarka, ɗumin yana nan." Tun daga ranar nake gwada kowane yadi: a jiƙa farin ƙyalle a murza a kansa, in launi ya fito, a ci gaba da ɗauraya har ruwan ya yi fes, in ya ƙi, a ajiye shi gefe. Bayan sun bushe a goge su sumul, don yadi mai tattara ba ya yankuwa daidai. Faiba ba a wanke ta, ba a kuma goge ta. A dai warware ta a bar ta ta kwana a shimfiɗe.

2. Yanka

A yanki kwali inci 6 ta kowane gefe, a tabbatar kusurwoyinsa sun miƙe ta hanyar gwada shi da kusurwar littafi. A cire bakin atamfa mai rubutu, sa'an nan a ɗora kwalin yana bin tsayin zaren yadin, ba a karkace ba, a zana da alli a yanka. Kada a ninka yadi fiye da hawa huɗu don neman sauri, saboda na ƙasa yakan zame. A nan ne ake raina ƙaramin kuskure, alhali kwatan inci a kowane ƙyalle, idan ya taru a jerin ƙyalle 12, inci 3 ke nan, kuma babu gugar da za ta gyara shi. Gefen kwali yana cinyewa da yawan zane, don haka a sake sabo bayan ƙyalle 40 ko makamancin haka.

3. Tsara launi

A share ɗaki, a jera ƙyallayen a ƙasa, 10 a kwance, 12 a tsaye, a ja da baya a duba. Kada masu duhu su taru a kusurwa ɗaya. Ni nakan sa launi guda marar zane tsakanin kowace atamfa biyu, saboda atamfa kusa da atamfa takan rikita ido. Idan tsarin ya yi, a ɗauki hotonsa da waya, a tattara kowane layi daga hagu zuwa dama, a soka masa takarda mai lamba.

4. Haɗa fuska

A auna rabin inci daga allura zuwa dama, a manna tef a kan farantin keke, ya zama shi ne iyakar da bakin yadi zai riƙa bi. Da allura mai lamba 14, a haɗa ƙyalle biyu fuska da fuska a ɗinke, a ƙara na uku, haka har layi ya cika 10. Idan layuka 12 sun kammala, a kwantar da bakin ɗinkin da dutsen guga, layi na farko zuwa dama, na biyu zuwa hagu, na uku zuwa dama, har ƙarshe. Amfanin wannan shi ne idan aka zo haɗa layi da layi, mahaɗan za su cije da juna, kusurwoyi su haɗu daidai, kuma kauri ba zai taru wuri ɗaya ya karya allura ba. A soka fil a kowace mahaɗa kafin a ɗinka. Idan wani ƙyalle ya ɗan fi ɗan'uwansa tsawo, a sa mai tsawon a ƙasa, haƙoran keke za su shanye rarar. Ya fi sauƙi a haɗa layuka shida-shida, sa'an nan a haɗa rabin biyu a tsakiya. Da an gama, fuskar za ta kasance inci 51 da inci 61. A goge ta ta baya, a tsinke zaren da ke lilo.

5. Jera hawa uku

Wannan shi ne matakin da ba a yi masa gaggawa, kuma ba a yin sa a kan gado ko katifa, sai a kan daɓe ko tayil mai tsabta. A lokacin hazo a fara goge ƙasan da jiƙaƙƙen tsumma a bari ya bushe, in ba haka ba ƙurar da ba a gani za ta hau shafin.

A yanki shafi da ciki su fi fuska da kamar inci 3 ta kowane gefe, domin ɗinki yakan ja su ciki. A shimfiɗa shafi fuskarsa tana kallon ƙasa, a lallashe shi da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe, a manne gefunansa da ƙasa da tef, ko a danne su da littattafai da wani abu mai nauyi. A miƙe shi kawai, kada a ja shi, musamman mai gashi-gashi wanda yake miƙewa kamar roba. In aka ja shi aka manne, da zarar an saki zai koma yadda yake, ya tattaro fuskar gaba ɗaya. A ɗora ciki a kai, a lallashe, sa'an nan a ɗora fuska tana kallon sama. A durƙusa a tsakiya, a bi da hannu ana korar tattara zuwa gefe, a kuma duba da rula cewa layukan ba su yi baka ba.

Daga nan sai soka fil, ana farawa daga tsakiya ana fita waje, fil ɗaya a tsakiyar kusan kowane ƙyalle, yana ratsa hawa uku. Na ce tsakiyar ƙyalle ne domin kada ya tare hanyar da allura za ta bi. Ma'aunin da nake ba masu koyo shi ne tafin hannu: duk inda aka ɗora hannu bai taɓa fil ba, wurin yana bukatar ƙari. Aikin yana cin gwiwa da baya, ga yatsun da sanyi ya busar suna tsagewa, shi ya sa nake sa ƙaramin cokali a ƙarƙashin tsinin fil ɗin in ɗago shi in rufe. Wanda ba shi da fil mai yawa ya yi ɗinkin wucin gadi da hannu, da zare mai launin da zai fito fili, taku manya-manya kamar tsawon yatsa, layi a tsaye layi a kwance, tazarar tafin hannu. Kafin a tashi, a cire tef, a juya bargon a dubi bayansa. Duk tattarar da aka gani yanzu, a kwance fil ɗin wurin a gyara, saboda idan keke ya hau kanta ta zauna ke nan, sai farka.

6. Ɗinke hawa ukun

A sauya allura zuwa lamba 16, a buɗe takun keke ya zama kamar ɗinki 8 a inci ɗaya, a ɗan sassauta sukurun da ke saman kan keke, wanda yake danna ƙafar a kan yadi. A fara gwaji a kan guntun da aka haɗa hawa uku iri ɗaya. Idan zaren ƙasa yana yin madauki ko ɗinkin yana tsuke yadi, a daidaita zaren tun a nan. A sa tebur a hagun keke ya ɗauki nauyin bargon, don idan yana rataye zai riƙa jan allura har ta lanƙwashe.

A naɗe rabin dama kamar tabarma a shigar da shi ƙarƙashin hannun keke, a fara da layin tsakiya daga sama zuwa ƙasa, ana bin ramin ɗinkin da ya haɗa ƙyallaye. A buɗe tafukan hannu biyu a gefen allura ana ɗan baje yadin, ba a turawa, ba a ja, keke ne zai ci da kansa. A ci gaba layi bayan layi zuwa gefe, duk ana farawa daga sama, domin zuwa da dawowa yana sa yadi ya murɗe tsakanin layuka. Idan rabi ya ƙare a juya bargon a yi ɗaya rabin, sa'an nan a yi na kwance. Idan an ga fuska tana taruwa a gaban ƙafar keke, a tsaya allura tana ƙasa, a ɗaga ƙafar, a lallashe, a ci gaba.

Idan faiba ce a ciki, a bi kowane layi, wato tazarar inci 5, in ba haka ba wanki zai tara ta ta koma curi-curi a wasu wurare, wasu wuraren kuma fayau. Idan tsohon bargo ne ko gwado, tsallake layi ɗaya-ɗaya ya isa. Kada sha'awar ado ta sa a cika shi da ɗinki kusa-kusa; zai yi kyau a ido, amma ya yi tauri, ɗumin kuma ya ragu.

Idan keken ya ƙi ɗaukar kaurin, ko babu keken ma, akwai hanyar ɗauri, kuma bargonta ya fi kowanne laushi. A sami babbar allura da zaren saƙa, a soka a kusurwar da ƙyalle huɗu suka haɗu, a fito ta baya, a dawo sama da tazarar kwatan inci, a ƙulla sau biyu, a yanke a bar jela kamar inci ɗaya. A yi haka a kowace mahaɗa. Sai dai ban so a yi wa ƙananan yara irin wannan, don sukan tsinke zaren su kai baki.

7. Datse gefe da kama baki

A cire fil duka, a ƙirga su in da hali, a shimfiɗa bargon a datse rarar ciki da shafi su yi daidai da fuska. A bi gefen gaba ɗaya da ɗinki kwatan inci daga baki don hawa ukun su tsaya tare.

Kewayen bargon inci 224 ne, saboda haka a yanki tsiri 6 a faɗin yadin kama baki, kowanne faɗinsa inci 3 da rabi, a haɗa su su zama tsiri ɗaya dogo, a ninka shi biyu ta tsawo fuska a waje, a goge. A ɗora buɗaɗɗen bakinsa a kan bakin bargon ta fuska, a fara daga tsakiyar wani gefe, ba daga kusurwa ba, a bar jelar inci 6 ba a ɗinka ba, a ɗinka da rabin inci. Idan saura rabin inci a kai kusurwa sai a tsaya, a ƙulle ɗinkin, a fitar da bargon, a ninka tsirin sama ya yi karkata, a sake ninko shi ƙasa ya bi gefe na gaba, a ci gaba daga saman kusurwar. Idan an zagayo, a kalmashe bakin jelar farko, a cusa ta ƙarshe a cikinta, a ɗinke. Sa'an nan a juya tsirin zuwa baya ya rufe layin ɗinki, a kama shi da hannu da ƙananan taku, ko a bi da keke. Na hannun ya fi tsabta, kuma aiki ne na dare biyu ana hira, bargon yana kan cinya yana ɗumama mai ɗinkinsa.

Wanda kusurwar nan ta ba shi wuya ya kama kowane gefe daban, dogayen biyu tukuna, sa'an nan gajerun, yana kalmashe bakinsu ciki. Idan kuma babu yadin kama baki, kada a datse shafin daidai da fuska. A bar masa inci ɗaya da rabi ta kowane gefe, a kalmashe shi sau biyu ya hau kan fuska, a ɗinke.

8. Wanki da ajiya

A wanke shi da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, a matse a hankali ba tare da murɗawa ba, a shanya shi a kan igiya biyu domin nauyin ruwa kada ya ja cikin zuwa ƙasa. Iskar hunturu tana busar da shi da wuri, amma a shigo da shi da zarar ya bushe kafin ƙura ta hau, kuma inuwa ta fi rana saboda launin atamfa. Idan za a goge fuskar, a sassauta zafin dutsen guga, kada a danna.

Faiba da yadi mai gashi-gashi danginsu ɗaya da roba, wuta tana narkar da su su manne a fata, don haka kada a zauna da wannan bargo kusa da kaskon gawayi ko risho. Kaskon ma kada a kwana da shi a rufaffen ɗaki, domin iskar da gawayi yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci. Jaririn da bai kai shekara ba kuma ba a rufa masa bargo irin wannan ya kwana da shi. A sa masa kayan sanyi a jiki. Idan zafi ya shigo wajen watan Maris, a wanke bargon, a tabbatar ya bushe ƙarau har ciki, a naɗe shi maimakon a ninka, a sa a cikin tsohuwar rigar matashi ko jakar yadi, ba leda ba, saboda damshin daminar Jos yana sa abin da ke cikin leda ya yi fumfuna.